Hoton Da Ba Kowa A Ciki

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai)



Mai girma Shugaban taro, Shugaban Ƙungiya da 'yan kwamitinsa, iyayenmu malamai waɗanda Allah ya ja da ransu har suka ga furfurarmu, Shugaban Makaranta na yanzu, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, da kuma 'ya'yanmu ɗalibai da ke zaune can baya, ina yi mana barka da zuwa.

Da Sakatare ya aiko mini da saƙo cewa bana ni ne zan yi jawabi, sai na tambaye shi, a kan me? Domin bara ɗan'uwanmu likita ya yi mana bayani a kan hawan jini, bara waccan kuma an yi a kan fansho, duka abubuwa ne masu amfani ga tsoho. Sai ya ce, "A kan wannan haukan naka na ɗaukar hoton duwatsu." Na karɓa da wannan sunan, gama na daɗe da sabawa da shi. Hotunan da kuka gani rataye a bangon wannan ɗaki su ne haukan. Biyu na farko ba nawa ba ne, daga littafi aka kwafo su, sauran kuwa ni na ɗauka.

Bari in fara da abin da ya faru gare ni tun muna aji huɗu. Waɗanda muka yi Kulob ɗin Hoto tare za su tuna da ɗan ɗakin nan na bayan ɗakin kimiyya, wanda malaminmu na zane, Allah ya jiƙansa, ya toshe tagoginsa da baƙin bargo ya sa masa jan ƙwai. A can na wanke hotona na farko da na yi alfahari da shi, wato hoton dutsen nan na bayan makaranta da hadari ya taso a kansa. Da aka ba da hutu na kai wa baffana. Ya sa tabarau, ya duba, ya juya shi, ya sake dubawa, sa'an nan ya ce, "To, wa ka ɗauka?" Na ce, "Baffa, ba kowa." Ya miƙo mini abina ya ce, "Ashe fim ɗin ya lalace ke nan. Allah ya kiyaye gaba."

Baffa bai yi laifi ba. A wurinmu hoto na mutum ne. Ana yin sa ran Salla, ko ran aure, ko don fasfo, ko ran da aji zai fita. Har manyan masu hoto na Afirka ta Yamma da duniya ta sani, irin su Seydou Keita da Malick Sidibe na Bamako, da J. D. 'Okhai Ojeikere na nan Nijeriya wanda ya rasu a 2014, da hoton mutane suka yi suna. Saboda haka tambayar baffa tana nan: idan babu mutum a ciki, kuma babu launi, me ake kallo? Ita ce nake so in amsa yau, ko da yake na makara da shekaru masu yawa.

Zan amsa ta ne ta hanyar labarin wani Ba'amurke mai suna Ansel Adams, wanda aka haifa a San Faransisko a 1902, ya rasu a 1984. Tun yana yaro kiɗan fiyano ya koya, har ya yi niyyar ya zama sana'arsa. A 1916 iyayensa suka kai shi wani kwari mai manyan duwatsu da ake kira Yosemite a Jihar Kalifoniya, suka ba shi 'yar ƙaramar kyamara samfurin Kodak Brownie. Daga nan bai rabu da wannan kwari ba har ƙarshen ransa.

A zamanin nan masu zane da fenti ba su ɗauki mai hoto a bakin komai ba. Cewa suke yi, ai inji ne ya yi aikin, kai dai ka latsa ne kawai. Don su kare kansu, sai wasu masu hoto suka riƙa dusashe hotunansu da gangan domin su yi kama da zanen hannu. Adams da abokansa, cikinsu har da Edward Weston da Imogen Cunningham, suka ce a'a. A 1932 suka kafa wata 'yar ƙungiya mai suna f/64, sunan da suka aro daga ɗan ƙaramin ramin da haske ke bi ya shiga kyamara, wanda idan aka tsuke shi haka, komai na hoton yakan fito tar, daga tsakuwar da ke gabanka har dutsen da ke nesa. Manufarsu ita ce hoto ya tsaya da ƙafarsa a matsayin hoto, kada ya ari rigar wani.

To, amma idan haka ne, ina hannun mutum yake a ciki? Ku dubi hoto na farko da ke kusa da ƙofa. Wani tsauni ne a Yosemite da ake kira Half Dome, saboda kamar an tsaga shi biyu an ɗauke rabi. A cikin watan Afrilu na 1927 Adams ya hau dutse da kaya niƙi-niƙi don ya ɗauke shi. A lokacin a kan allon gilashi yake ɗauka, kuma da ya isa inda yake so, allo biyu kaɗai suka rage masa. Ya ɗauki na farko da gilashi mai ruwan ɗorawa a bakin kyamara, kamar yadda aka saba. Nan take ya gane cewa wannan zai ba shi dutsen yadda yake ne kurum, da sama fari-fari a bayansa, alhali shi abin da ya ji a ransa da ya tsaya gaban dutsen ya wuce haka. Sai ya canza, ya sa jan gilashi mai duhu, ya ɗauka da allon ƙarshe. Jan gilashi yana tare shuɗin haske, saboda haka sararin sama ya fito kusan baƙi ƙirin, dutsen kuwa ya tashi a gabansa da kwarjini. Ranar nan sama ba baƙa ba ce. Shi ne ya ga hoton a zuciyarsa tun kafin ya latsa, sa'an nan ya nemi dabarar da za ta fito da shi. Wannan shi ne abu na farko da nake so mu riƙe: hoto baƙi da fari ba kwafin abin da ke wurin ba ne, zaɓi ne.

Wani zai ce, ai don ba su da fim mai launi ne. Ba haka ba ne. Fim mai launi na Kodachrome ya fito tun 1935, kuma Adams kansa ya yi aiki da shi. Amma aikin da ya fi so a san shi da shi a baƙi da fari ya yi. Dalili kuwa, launi yana da surutu. Idan ka ga hoton gona da damina, idonka zai ce "kore", ya gamsu, ya wuce. Idan aka cire koren, dole ido ya nemi wani abin kamawa, sai ya lura da inda haske ya fito, da inda inuwa ta kwanta, da kaushin dutse, da laushin gajimare, da yadda layin kunya ya tafi ya ɓace. Duk waɗannan suna nan tun da farko, launi ne ya danne su.

Kuma kada sunan ya ruɗe mu. Ana cewa baƙi da fari, amma yawancin aikin a tsakaninsu yake. Wajen 1940 Adams da wani abokin aikinsa, Fred Archer, suka tsara wata hanya ta kasa haske zuwa matakai 11, daga baƙin da ba a ganin komai a cikinsa zuwa farin takarda zalla, da ruwan toka iri-iri a tsakani. Mai hoto zai auna hasken inuwa, ya auna na gajimare, ya yanke shawarar matakin da kowanne zai zauna, sa'an nan ya san tsawon lokacin da zai buɗe kyamara da kuma tsawon lokacin da fim zai yi a cikin ruwan wanki. Malaminmu na lissafi yana nan zaune, ina roƙonsa gafara, domin sai da na shiga wannan harka na gane amfanin abin da ya yi ta fama ya cusa mana.

Yanzu sai mu zo ga hoto na biyu, wanda shi ne ya fi kowanne suna cikin aikinsa. Sunansa Moonrise, Hernandez, New Mexico, wato fitowar wata a ƙauyen Hernandez. Ranar 1 ga Nuwamba, 1941, da yamma, Adams yana tuƙi a kan hanyar komawa Santa Fe tare da ɗansa ɗan shekara 8 da wani abokinsa, bayan sun wuni ba su sami abin kirki ba. Sai ya waiga ya hangi wani ɗan ƙauye mai ginin ƙasa, da coci, da maƙabarta mai fararen alamun gicciye, da duwatsu masu ƙanƙara can baya, ga kuma wata ya fito. Kun san watan kwana goma sha biyu yakan fito tun rana ba ta faɗi ba. Rana tana bayansa, gab take da shigewa cikin gajimare, haskenta na ƙarshe yana dukan alamun kaburburan nan. Ya taka birki, ya fito a guje, yana ta kiran a miƙo masa kaya. Kyamarar kuwa irin babbar nan ce mai ƙafa uku wadda ake lulluɓa da baƙin ƙyalle, fim ɗinta inci 8 da inci 10. Ya haɗa komai, sai aka nemi na'urar auna haske aka rasa. Da ni ne, nan zan zauna in yi ta salati. Shi kuwa sai ya tuna cewa ya san adadin hasken wata da ka, ya yi lissafi daga nan, ya latsa. Ya juya fim zai ɗauki na biyu don gudun kuskure, kafin ya gama rana ta shige, alamun kaburburan suka dushe. Ɗaya tak ya samu.

Wani abin dariya, shi kansa bai riƙe ranar ba, ya sha ba da shekaru daban-daban. Masana taurari ne daga baya suka yi lissafi da inda watan ya tsaya a cikin hoton, har aka gano ranar da lokacin, wato wajen ƙarfe 4:49 na yamma.

To, a nan ne maganar take. Idan aka wanke wannan fim kai tsaye ba tare da wata dabara ba, abin da ke fitowa hoto ne mai sama ruwan toka da 'yan gajimare barkatai, ba abin da zai tsayar da mai wucewa. Hoton da duniya ta sani a ɗakin duhu aka gina shi. Waɗanda muka yi Kulob sun san yadda ake yi. Takardar hoto tana da sinadarin azurfa a jikinta, inda haske ya fi dukanta nan ya fi yin baƙi. Saboda haka idan ka sa fim a injin faɗaɗawa, haske na sauka a kan takarda, kana iya tare wani sashe da hannunka ko da ɗan kwali don ya yi haske, ka bar wani sashe ya daɗe yana sha don ya yi duhu. Adams ya yi ta ƙona saman nan har ya zama baƙi, ya bar wata shi kaɗai yana rataye a ciki, da farin gajimare a kwance a kan duwatsu, da alamun kaburbura suna walƙiya a ƙasa. A tsawon rayuwarsa ya wanke wannan hoto da hannunsa fiye da sau 1,300, kuma na farko-farko ba su yi kama da na ƙarshe ba, yana tsufa saman yana ƙara duhu. Da yake makaɗi ne, yakan kwatanta fim da rubutaccen kiɗa, wankin hoto kuma da kaɗa shi. Mu ma mun san haka, waƙa ɗaya ce a rubuce, amma yadda mutum zai rera ta yana ɗan shekara talatin daban, yadda zai rera ta yana ɗan saba'in daban.

Na san akwai 'yan kasuwa a cikinmu, kuma tun ɗazu suke jira su ji ko abin yana kawo kuɗi. A 2006 an yi gwanjon kwafi ɗaya na wannan hoto a kan dala 609,600. Wani hoton nasa na 1942, na tsaunukan Teton da kogin Snake, yana cikin hotuna fiye da 100 da aka saka a faifan da kumbon Voyager ya tafi da shi sararin samaniya a 1977, don ko da wata halitta za ta tsinta ta ga yadda duniyarmu take. Tun 1940 kuma babban gidan nune-nunen fasahar zamani na birnin Niyok ya buɗe sashen hoto na musamman, Adams na cikin waɗanda suka taimaka aka kafa shi. Gardamar ko hoto fasaha ne ta mutu ke nan a can. Amma ni ban taɓa sayar da ko ɗaya ba, kada Ma'aji ya sa rai.

Abin da ya fi kuɗin muhimmanci a ganina shi ne wannan. A 1938 Adams ya fitar da littafin hotunan tsaunukan Sierra Nevada, aka kai wa Sakataren Harkokin Cikin Gida na Amurka, Harold Ickes, shi kuma ya nuna wa Shugaba Roosevelt. Littafin ya taimaka wajen sa gwamnati ta keɓe yankin Kings Canyon ya zama gandun da doka ta kare a 1940. Mutanen da ba su taɓa zuwa wurin ba sun ga hoto, sun ji cewa asara ce a bari a lalata shi.

Duk da haka ba zan ɓoye muku inda nake da ja da shi ba. Hotunansa na Yosemite suna nuna wurin kamar ƙasar da ɗan Adam bai taɓa takawa ba, alhali kuwa akwai 'yan asalin ƙasar da suka zauna a kwarin nan shekaru aru-aru, kuma da bindiga aka fara korarsu a 1851. Wato hoto yana iya faɗin gaskiya game da dutse, ya yi shiru game da mutane. Shi ya sa na fi son hoton Hernandez a kan na Half Dome, domin ko da yake ba kowa a ciki, akwai gidaje, akwai kaburbura, ka san an rayu a nan an mutu. Ƙasarmu ma haka take. Ba inda za ka sa kyamara a nan ba ka ga hannun mutum ba: kunyar gona, burtali, rumbu, kushewa, turbar da mata suka bi zuwa rafi har ta yi fari. Da baffana yana da rai, da na ce masa akwai mutane a hoton nan, sun dai tashi ne.

Na hango malaminmu na addini yana gyara zama. Allah ya gafarta Malam, ai a bakinka muka ji cewa Abdullahi bin Abbas ya shawarci wani mai zane da ya koma zana itatuwa da abubuwan da ba su da rai. Saboda haka ina ganin a wannan fanni dai ni da Malam ba mu da rigima.

Game da ɗauka a nan gida kuwa, abin da na koya kaɗan ne, amma da wuya na koye shi. Hasken tsakar ranarmu ba ya yin hoto, yana sauka ne daga bisa ya kashe inuwa, komai ya baje. Sai da hantsi, ko bayan la'asar sakaliya, lokacin da haske ke zuwa daga gefe ya fito da kowane tsagi na jikin dutse. Hazon hunturu, wanda masu hoton biki ke tsinewa, shi ne babban abokina, domin yakan jera duwatsu sahu-sahu, na kusa baƙi, na bayansa toka, na can nesa kamar hayaƙi. Hoto na huɗu a bangon nan dutsen Kufena ne na Zariya a cikin irin wannan hazo, sau uku na koma kafin in same shi. Kuka ta fi kyau da rani sa'ad da ta kaɗe ganye, gawo kuwa, da yake shi komai nasa a juye yake, sai da damina yake tsayawa tsirara a gaban baƙin hadari. Kuma ba sai da kyamara mai ƙafa uku ba, wayar da ke aljihun kowannenku tana yin baƙi da fari. Abin da ba ta da shi shi ne haƙurin tsayawa, wannan kai za ka kawo.

Idan kun tashi kallon hotunan, roƙona guda ne, kada ku yi musu kallon wucewa. Ku tsaya gaban guda ɗaya kamar minti biyu. Ku nemi wurin da ya fi ko'ina haske, da wurin da ya fi ko'ina duhu, ku duba ko a cikin duhun ana iya ganin wani abu. Ku tambayi kanku daga ina rana take, kuma me ya sa mai hoton ya tsaya nan bai matsa taki goma ba. Ku matsa kusa, sa'an nan ku ja da baya. Wanda ya yi haka bai ji komai ba, to, ba laifi, ya zo mu yi gardama a wajen cin abinci.

Hoto na ƙarshe, wanda ke kusa da allo, shi ne wanda baffana ya ce ya lalace. Na sake wanke shi bana daga tsohon fim ɗin. Da safen nan kafin a fara taro na zaga baya don in tsaya inda na tsaya ran nan, ban sami wurin ba, an yi gini a kai. Gefen dutsen na yamma masu fasa dutse sun cinye shi, kukoki ukun nan da muke fakewa a ƙarƙashinsu ranar gudun dogon zango babu ko ɗaya. 'Ya'yanmu da ke zaune can baya ba su taɓa ganin su ba sai a wannan takarda.

Saboda haka ina da buƙata wurin Shugaban Ƙungiya. Na san da yawa cikinmu suna da tsofaffin hotuna da fina-finai a ƙasan akwati, waɗanda aka ɗauka a filin makaranta, da bakin rafi, da gonar makaranta. Ko da mutum ne a gaba, bayansa muke so. A tattaro su a hannun Sakatare kafin taron baɗi, ni na ɗauki nauyin wankewa da sa su a gilashi, a rataye su a ɗakin karatu. Idan kuma Shugaban Makaranta zai ba mu aron ɗan ɗakin nan na bayan ɗakin kimiyya, wanda na leƙa ɗazu na tarar an cika shi da karyayyun kujeru, injin faɗaɗa hotona yana nan yana aiki, kuma ina da sarari duk ranar Asabar.

Hotunan za su kasance a bango har bayan sallar La'asar. A taimaka kada a taɓa su da hannun miya.

Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu, ya maimaita mana na baɗi.